Murfin Giris Kafin Fitowar Rana

Ƙarfe biyu na dare muka bar gida,
amya arba'in a ɗaure bisa tirela,
kowace bakinta toshe da raga.
Goggo Orysia na tuƙi, ni ina gyangyaɗi.
Hanyar Falher tsakuwa ce zalla,
daren Yuli kuwa a arewacin Alberta
bargon yaro ne:
ka ja shi ka rufe kai, ƙafa ta fito.

Ba ni na ji ba, ita ta ji.
Ta sassauta totur, ta karkata kunne,
ta ce, "Halya, tayar hagu tana magana."
Muka tsaya. Na haska tocila.
Murfin giris ya yi nasa wuri,
Allah kaɗai ya san a wane rami.
Cibiyar taya a wangame,
noti tsirara,
giris ya sha yashi ya koma baƙin kunu.

Ta ɗora bayan hannu a kan ƙarfen
kamar mai duba zazzaɓin jariri.
"Da ɗumi, amma bai ƙone ba. Kawo jak."
Muka ɗaga, ta girgiza tayar,
ta juya ta, ta saurari boris,
ta kwashe dattin da yatsa da tsumma,
ta cusa sabon giris har ya tumbatsa,
ta lanƙwashe ƙafafun 'yar ƙusar noti
don kar su riƙa kartar murfi daga ciki.

A ƙarƙashin kujera akwai gwangwanin kofi
da Kawu Myron ya cika da tarkace
shekara ashirin muna yi masa dariya.
Murfi uku ne a ciki.
Na farko ya yi yawa da kaurin farce,
na biyu ya yi tsatsa har ya huje.
Na uku ta hura, ta goge a wando,
ta shafa wa leɓensa maiƙo,
ta miƙo mini tare da guduma.
"Idona ba ya gani a duhu. Ke za ki sa."

Gabas ta fara fari.
A bayana amyoyin nan sun soma guri,
ƙasa-ƙasa, kamar tukunya na shirin tafasa.
In rana ta same su a rufe, zafi zai gama da su,
na san haka, hannuna ma ya sani.
Na kafa murfin, na maka masa guduma.
Ya shiga a karkace, kamar hular ɗan gayu.

Ba ta yi faɗa ba.
Ta sa bakin sukurdireba ta ɓamɓare shi,
ta ce, "Sauri ya haifi nawa.
Ba ƙusa ba ce, yarinya."
Ta ɗauko guntun katako daga gefen hanya,
ta kwantar da shi a fuskar murfin.
"Daidaita shi. Bugi itace, ba ƙarfe ba.
Sama kaɗan, ƙasa kaɗan, ki zagaya.
Kar ki duba. Saurara."

Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.
Sautin ƙwarya wadda ba kome a ciki.
Na zagaya, na sake zagayawa,
sauro na shan wuyana ban kore shi ba.
Ƙwal. Ƙwal.
Sai kuma: dum.
Amo ya mutu, murfi ya zauna.
Ta bi gefensa da farce, ba ta sami kafa ba.
Ta ce, "To," ta tafi sauke jak.
A bakin Goggo, wannan lambar yabo ce.

Mun isa gonar kanola rana na leƙowa,
rawaya har iyakar gani.
Muka zare raga, suka fito buu,
ɗaya ta harbe ni a gira, tukuicina ke nan.

Da muke komowa na kafa ido a hanya
ko zan hango tsohon murfin yana ƙyalli.
Ban gan shi ba.
Goggo ta ce in tuna mata ranar Litinin
mu sayi biyu,
ɗaya na gwangwanin Myron ne.
Kuma kar in gaya masa.